Furannin Bazara a Lambunan Talakawan Ingila



A daidai wannan lokaci da damina ta kankama a gida, gero ya rufe ƙasa, manoma na fama da maimai, su kuwa mutanen Ingila suna tsakiyar bazararsu ne. Tasu bazarar watanni uku ce, Yuni da Yuli da Agusta, kuma abin da ya fi bambanta ta da sauran shekara shi ne tsawon yini. A Landan, ranar 21 ga Yuni, rana kan fito kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Hasken rana na fiye da sa'a 16 da rabi ke nan, a garin da yinin Disamba ba ya kai sa'a 8. Shuka ta yi watanni tana jiran wannan haske, saboda haka da ya zo sai komai ya buɗe lokaci guda.

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa daga Landan zuwa Bamingam ko Manchesta a irin wannan wata, idan ya zauna ta taga, zai riƙa ganin wasu filaye a gefen layin dogo, an yanka su ƙanana ƙanana. Kowane yanki da ɗan ɗakinsa na katako, da durom na tarar ruwan sama, da kunyoyin dankali da albasa da kabeji, da sandunan da wake ke hawa. A tsakanin waɗannan kuma, da bakin hanya, da jikin shinge, furanni ne ja da rawaya da shuɗi da ruwan hoda. Waɗannan su ne lambunan haya, waɗanda ƙananan hukumomi ke ba mazauna gari a kan kuɗi kaɗan a shekara. Cikakken yanki murabba'in mita 250 ne, wato ya ɗan ɗara filoti mai ƙafa 50 da 50, ko da yake yanzu saboda yawan masu nema akan raba shi biyu.

Na san abin da wani daga cikinku zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. Zai ce mutumin da aka ba ɗan fili don ya ciyar da iyalinsa, me ya kai shi ɓata kunya guda a kan abin da ba a ci? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma dokar Ingila kanta da ita ta fara. Abin da nake so in nuna a yau shi ne cewa talakawan da suka cusa furanni a tsakanin dankalinsu sun fi dokar hangen nesa.

Bari mu fara da dokar. A ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa a Ingila suka yi ta killace filayen da a da na kowa da kowa ne, inda talaka ke kiwo da yin itace. Mutanen karkara suka rasa madafa, da yawa suka kwarara birane aikin masana'antu. Lambun haya ya samo asali ne a matsayin ɗan abin share hawaye. Dokar 1845 ta yi tanadin a riƙa ware wa leburori ɗan fili in an killace ƙasa. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambuna idan akwai buƙata, har ta ce in mutum shida daga masu jefa ƙuri'a ko masu biyan haraji suka rubuto suna nema, wajibi ne hukuma ta duba. Sai dokar 1922 ta fayyace abin da ake nufi da lambun: fili ne da mai shi zai noma kayan miya ko 'ya'yan itace, gaba ɗaya ko mafi yawansa, don cin kansa da iyalinsa. Ba a hana fure ba, amma an ajiye shi a gefe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwan Jamus suka tsare hanyar shigo da abinci, gwamnati ta yi shelar kowa ya ɗauki shebur, aka kafce wuraren shaƙatawa da filayen wasa, yawan lambunan ya kai kusan miliyan 1.4. A wancan zamani kam dankali da karas ne sarakai.

Amma tun kafin yawancin waɗannan dokoki, masu lambun sun riga sun nuna inda zuciyarsu take. A birnin Nottingham akwai lambunan St Ann's, eka 75, yanki kusan 670, waɗanda ake nomawa tun wajajen 1830, kuma suna nan har gobe. Cikin masu su a wancan lokaci akwai masaƙa da ma'aikatan masana'antar leshi, mutanen da ke kwana a ƙuntatattun ɗakuna cikin hayaƙi. A shekarar 1860 suka aika wa wani limamin coci mai suna Samuel Reynolds Hole, wanda ya shahara da renon furen wardi, suka roƙe shi ya zo ya yi musu alƙalanci a gasar wardinsu. Watan Afrilu ne, sanyi bai gama sakin ƙasa ba, shi kansa ba shi da wardi ko guda da ya buɗe, har ya yi zaton zolayarsa ake yi. Da ya je, sai ya tarar da furannin da suka ba shi mamaki, waɗanda leburori suka rena a 'yan ɗakunan gilashi da suka harhaɗa da hannunsu. A littafin da ya wallafa kan wardi a 1869 ya ba da labarin wani magidanci a cikinsu da ya cire bargo daga gadonsa ya je ya lulluɓe ɗakin furanninsa don kada sanyi ya kashe su.

Ku tsaya ku auna wannan, masu sauraro. Mutum ne da ke wuni a tsaye gaban inji, albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen mako. Ba wanda zai saya masa wardin nan da tsadar da za ta biya wahalarsa. Abin da ya samu shi ne abu guda a duniya da shi ya shuka, shi ya rena, ya fito da kyau har mai kuɗi ya zo ya tsaya yana kallo. Ni a ganina wannan buƙata ce ta ɗan Adam, kuma talauci ba ya kashe ta. Masu tsara wa talaka rayuwa sukan lissafa masa cikinsa su manta da idonsa da hancinsa.

To waɗanne furanni ne ke cika lambunan a yanzu? Abin sha'awa, kusan dukkansu baƙi ne. Akwai wani fure mai hawa sanda, dangin wake, mai ƙamshin da ke tarar mutum tun daga nesa, bari mu kira shi waken ƙamshi, ko da yake ba a cin 'ya'yansa. Daga tsibirin Sisili yake. Wani malamin coci mai suna Francesco Cupani ne ya aika da irinsa Ingila a 1699, ga wani malamin makaranta a Enfield. A ƙarshen ƙarni na 19 wani mai lambu, Henry Eckford, ya yi ta haɗa irinsa a garin Wem har ya fitar da launuka iri iri masu manyan fure. Son da ake yi masa ya kai ga a 1911 jaridar Daily Mail ta sa fam 1,000 ga wanda ya kawo damin da ya fi kyau, aka aiko da dami kusan 38,000, matar wani limamin coci daga ƙauyen Sprouston na Sikotilan ta lashe.

Wannan fure yana da wata ɗabi'a da nake so ƙwarai. In aka bar shi bai tsinku ba, sai ya ɗaura 'ya'ya ya daina fure. In ana tsinkarsa kullum, sai ya yi ta fitar da sabo har ƙarshen bazara. Ga shi kuma ƙa'idar lambun haya ba ta yarda a mayar da shi wurin kasuwanci ba. Saboda haka mai lambu ba shi da yadda zai yi da tulin furen nan sai kyauta: maƙwabciya, mai jinya a asibiti, tsohuwar da ba ta iya fita. A watan Yuli za ku ga dattijo a kan keke, kabeji a kwando, damin fure a ɗaure a bayan sirdi, zai kai wa wani.

Sai daliya, wadda ke karɓar fili daga tsakiyar Yuli har sanyin farko ya ƙone ganyenta. Daga Meziko take, ita ce ma furen ƙasar a hukumance tun 1963. Ta iso lambun sarki a Madrid a 1789. Tana da saiwa mai kumburi a ƙasa, wadda masu lambu da dama kan tono in sanyi ya shigo su adana a busasshen wuri, su sake binnewa a shekara mai zuwa. In kun ga tukwanen shuka a kife a kan sanduna, an cusa musu ciyawa, tarko ne na wani ƙwaro mai almakashi a wutsiya da ke cin furen da dare. Ga fure mai bin rana daga Arewacin Amurka, ga marigol daga Meziko, ga nastasham daga tsaunukan Peru. Namu na Afirka ma suna nan: jan furen jeraniyam da ke kan kusan kowace taga a Ingila, da giladiyolas mai tsayi, asalin yawancinsu Afirka ta Kudu ne.

Wanda ya fi ba ni hujja a cikinsu shi ne wani waken dabam mai hawa sanda mai jan fure, wanda ba lambun da za ku shiga ku rasa shi. Da aka kawo shi daga Amurka ta Tsakiya a ƙarni na 17, don furensa aka riƙa shuka shi. Sai a ƙarni na 18 cin ɗanyen kwansonsa ya yaɗu. Wato iyakar da doka ta shata tsakanin abin ci da abin kallo, shukar kanta ba ta san da ita ba.

Manomin kabewa a gida ya san sauran bayanin ba sai an gaya masa ba. Kabewa tana da fure namiji da fure mace a jiki guda, kuma in ƙudan zuma bai ɗauko garin wannan ya kai wa wancan ba, ɗan ƙullin da ke gindin macen sai ya yi rawaya ya faɗi. Tuffa da waken nan mai jan fure da sitiroberi ma suna buƙatar ƙudan zuma. To ƙudan zuma ba ya rayuwa da furen kabewa kaɗai na 'yan makonni. Yana buƙatar abin tsotsa tun daga Maris har Oktoba, kuma a karkarar Ingila abin ya yi ƙaranci, domin ƙasar ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na makiyayanta masu furannin daji daga shekarun 1930 zuwa 1980, an mayar da su gonakin alkama da ciyawar shanu.

Masana daga Jami'ar Bristol da wasu jami'o'i sun bi wurare 360 a biranen Bristol da Reading da Leeds da Edinbara suna ƙirga ƙwarin da ke ziyartar fure. A sakamakon da suka fitar a 2019, lambunan haya da lambunan gidaje ne suka zo kan gaba, suka wuce wuraren shaƙatawa na hukuma. Wani binciken na 2021 a waɗannan birane huɗu ya gano cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan zaƙin fure da ake samu a cikin gari daga lambunan gidajen mutane yake fitowa. Ma'ana, abincin ƙudan zuman birni yana hannun talakawa masu tukunya a bakin ƙofa da ɗan fili a bayan gida. Kunyar furen da wani ke ganin an ɓata, ita ke sa kunyar kabewa ta haihu. Akwai kuma wasu ƙudaje masu kama da zuma da ke son marigol da danginsa, tsutsotsinsu kuwa darɓa suke ci, sai mai lambu ya huta da sayen maganin feshi.

A nan ina da ƙorafi a kan masu gasa. Daliyar da ake kaiwa baje koli, wadda aka yi ta haɗa irinta har ta zama curi, ganye kan ganye, ƙudan zuma ba ya samun ƙofar shiga cikinta. Mai buɗaɗɗen tsakiya, wadda alƙalai ba su cika kulawa da ita ba, ita ce za ku tarar da ƙwari sun yi mata dafifi. Da ni ake tambaya, da mai buɗaɗɗen tsakiyar zan ba lambar yabo.

Kada kuma a ɗauka aikin sauƙi ne. Tun a watan Maris ake shuka iri a cikin ɗaki, a jira har tsakiyar Mayu ko ƙarshensa kafin a fitar, don daren sanyi guda kan iya shafe wahalar wata biyu. In an dasa, ga dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ɓawo, waɗanda ke iya cinye dashen daliya kakaf kafin gari ya waye. Yanzu kuma ga fari. Ranar 19 ga Yuli, 2022, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin Birtaniya, kamfanonin ruwa suka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama, tsofaffi suka koma jido da buta. Tun daga nan masu lambu da yawa suka ƙara durom, suna rufe gindin shuka da taki don ƙasa ta riƙe laima, suna komawa ga irin su labanda da ke jure ƙishi.

Babbar barazanar dai ba daga sama take ba. Daga miliyan 1.4 na zamanin yaƙi, yau lambunan haya a Birtaniya kusan 330,000 ne. Binciken Jami'ar Sheffield na 2020 ya nuna cewa a biranen da aka duba, filin lambunan ya ragu da kashi 65 cikin 100 daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma unguwannin marasa galihu sun yi asarar da ta ninka ta masu hali sau takwas. A gabashin Landan an rushe lambunan Manor Garden a 2007, bayan shekaru masu yawa ana nomansu, don a gina filin wasannin Olamfik na 2012. A ɗaya gefen kuma masu nema sai ƙaruwa suke yi: a 2023 an ƙirga fiye da takardun neman lambu 150,000 da ke jiran layi a Ingila kaɗai, kuma a wasu unguwannin Landan mutum kan shekara goma yana jira.

Su wa wannan ya fi shafa? Hukumar ƙididdigar ƙasar ta bayyana a 2020 cewa gida ɗaya cikin takwas a Birtaniya ba shi da lambu, a Landan kuwa ɗaya cikin biyar. Baƙaƙen fata a Ingila sun ninka fararen fata kusan sau huɗu wajen rashin ko da ɗan filin shan iska a gida. 'Yan'uwanmu da ke zaune can a benaye suna cikin wannan lissafi. Shi ya sa lambunan haya na birni irin Bamingam, mai wurare fiye da 100, suka zama mahaɗar jama'a. Mutumin Jamaika na noman alayyafo, mutumin Bangaladash ya kafa rumfar duma, ɗan Afirka na lallaɓa farar masara, yana renon kuɓewa a ɗakin gilashi don sararin ƙasar ya yi mata sanyi. Harshe ya bambanta, amma ana miƙa wa juna iri ta kan shinge, kuma sau da yawa irin fure ne ke fara buɗe gaisuwa.

Masu gidajen ma ba su tsira daga zargi ba. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya ta ba da rahoto a 2015 cewa kashi ɗaya cikin huɗu na filayen ƙofar gida an shafe su da siminti ko dutse gaba ɗaya, yawanci don ajiye mota. Ruwan sama da ya kamata ƙasa ta sha sai ya kwarara titi ya cika magudana. Tun 2008 doka a Ingila ta ce wanda zai shafe fiye da murabba'in mita 5 na ƙofar gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi izini.

Wannan ɓangaren ne ya sa na ga maganar ta shafe mu kai tsaye. Ku dubi sababbin unguwanni a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi. Mutum ya gama gini, abu na farko shi ne a shimfiɗa intalok daga ƙofa har bango, ba a bar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Rana ta dake shi ya yi ta huci har tsakar dare, ruwan sama ya sauka ya rasa wurin shiga ya bi lungu ya shiga gidan maƙwabci. Alhali a gidajen da muka tashi, da wuya a rasa lalle a bayan ɗaki, wanda ƙamshin furensa ke cika tsakar gida da almuru, ko zogale mai farin fure da zuma ke bi, ko yakuwa da kuɓewa a jikin danga, waɗanda furensu ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowace daliya. Iyayenmu mata ba su raba abin miya da abin ƙamshi ba. Lambunan da ke cikin garuruwanmu da fadamun gefensu kuwa, kowa na ganin yadda ake yanka su filoti filoti, kuma ba mu da wata doka irin ta 1925 a Ingila, wadda ta hana ƙaramar hukuma sayar da filin lambu sai da amincewar minista. Ko da wannan kariya sun yi asarar da kuka ji, balle inda babu.

Don haka kirana biyu ne. Ga hukumomin tsara birane da shugabannin ƙananan hukumomi: duk lokacin da za a yanka sabuwar unguwa, yadda ake ware filin masallaci da makaranta da kasuwa, a ware filin lambu, a rubuta shi a takarda, a raba wa masu ƙaramin ƙarfi da matan da ke zaune a gidan haya, kuma kada a ce musu kayan miya kaɗai za su shuka. Ga maigida da uwargida kuma: in za a shimfiɗa intalok, a ce wa birkila ya bar taki biyu a jikin bango. Wanda ya riga ya shafe, tsohon bokiti ko buhun siminti da aka cika da ƙasa da taki ya isa. Damina ba ta yi nisa ba tukuna, reshen zogale ko dashen lalle da aka sa a ƙasa a wannan mako zai kama.